Keke da Tankar Mutuwa: Finafinan Turai Biyu da Na Kalla

A hutun da ya wuce na kalli finafinan Turai guda biyu, tsofaffi, marasa launi. Abokin da muka fara kallo tare bai cika rabin sa'a ba ya miƙe, wai fim ba waƙa ba dambe ai wahalar da ido ne kawai. Shi nake son ba amsa a nan, da duk mai ra'ayi irin nasa.

Na farko shi ne Ladri di biciclette, wato "Ɓarayin Keke", wanda Vittorio De Sica ya shirya a Italiya a 1948. Labarin ɗan kaɗan ne. Wani magidanci mai suna Antonio ya daɗe ba aikin yi a birnin Rum bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sami aikin liƙa takardun talla a bango, amma da sharaɗin yana da keke. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina, aka fanso kekensa da ke can. Ranar da ya fara aiki, ranar aka sace keken. Sauran fim ɗin yawon nema ne, shi da ɗansa Bruno.

To, ina abin kallo a nan? Yana wurin yaron. Duk abin da uban ya yi, idon Bruno na kansa. Da ƙarshe Antonio ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki keken wani, jama'a suka cafke shi, ana marinsa a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron, ya ce a sake shi. Suka shige cikin taro, uba na kuka, ɗa ya kama hannunsa. Wallahi ban taɓa ganin harbi a fim da ya tsinka mini zuciya kamar wannan kamun hannun ba. Wanda ya fito a Antonio ma ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne, kuma tafiyarsa kaɗai ta nuna haka.

Na biyu, Le Salaire de la peur, wato "Ladan Tsoro", na Henri-Georges Clouzot ne, Bafaranshe, a 1953. Turawa huɗu da talauci ya tsare a wani ƙauyen Kudancin Amurka suka yarda su tuƙa manyan motoci biyu cike da ruwan nakiya, wanda ɗan girgiza ya isa ya tashe shi, zuwa rijiyar mai da ta kama wuta. Ladan kowa dala 2,000. Inda suke juya mota da baya a kan ruɓaɓɓen katako bisa rami, sai da na ji gumi a tafin hannuna. Babu mugu da bindiga. Rashin aiki ne ya ɗora su a motar, kamar yadda ya tura Antonio sata.

Amma fa Clouzot ya yi mini laifi. Mario, wanda shi kaɗai ya tsira, ya karɓi kuɗinsa, yana dawowa yana wasa da sitiyari don murna, sai ya faɗa kwazazzabo ya mutu. Wannan mutuwa ba daga labarin ta fito ba, mai fim ne ya kashe shi da hannunsa don ya koya mana darasi. De Sica bai kashe kowa ba. Ya bar Antonio da rai, ba keke, ba aiki, ga gida ana jiransa.