Gidan Gilashi da Uban da Ba a Gani

A shekarar 1986 ne John Hughes ya fitar da fim ɗin barkwancin da masu kallo da Faransanci suka sani da sunan La Folle Journée de Ferris Bueller. Labarin ba shi da wuya: wani ɗan lise a gefen birnin Shikago ya yi ciwon ƙarya, ya yaudari iyayensa, ya janyo budurwarsa Sloane da abokinsa Cameron, suka sha yawon gari cikin jar Ferrari ta mahaifin Cameron. Duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji a Tasawa ko Mayahi zai yi dariyar da ba ta kai ciki ba, domin malaman fim ɗin ko dai masu sa barci ne, ko kuwa wawaye, musamman jami'in ladabtarwa Rooney da ya ƙare da laka har gwiwa.

Amma nauyin fim ɗin yana can gidan su Cameron. Gida ne na gaske a Highland Park, jihar Ilinoi, wanda A. James Speyer, almajirin Mies van der Rohe, ya zana wa mai zanen yadi Ben Rose a 1953. A 1974 David Haid ya ƙara masa wani ɗaki na ƙarfe da gilashi a bisa ginshiƙai, a bakin kwazazzabo mai itatuwa, don ajiye motoci. A nan Hughes ya kafa kyamararsa. Ferris ya kwatanta gidan da gidan tarihi, wurin da ke da kyau da sanyi, inda aka hana taɓa kome.

Bahaushe zai fi kowa jin baƙuncin wannan gini. Gidan Tasawa katanga ne da zaure; ko a ƙauyukan Mayahi inda darnin kara ke tsare gida, abin da ake nema shi ne sutura. Maigida yana zaure, a nan ake gaishe shi, a nan yake yanke magana. Gidan su Cameron kuwa bangonsa gilashi ne, ana hango cikinsa daga nesa, sai dai maigidan ba ya nan. Tun daga farkon fim har ƙarshensa ba a nuna fuskar uban ko sau ɗaya ba. Motarsa ce ke zaune a madadinsa, ana goge ta, ana tsoronta. Wannan ita ce dabara mafi kyau a fim ɗin, kuma ginin ne ya ɗauke ta, Hughes bai buƙaci dogon bayani ba.

Saboda haka wurin da aka fi tunawa ba abin dariya ba ne sosai. Yaran sun ɗaga motar a kan jak, sun sa ta giyar baya da fatan lambar kilomita za ta koma. Ba ta koma ba. Cameron ya hau ta da shuri yana amayar da abin da ya daɗe yana haɗiyewa, har ta sauka daga jak, ta fasa gilashin baya, ta faɗa kwazazzabo. Ferris ya ce zai ɗauki laifin, Cameron ya ƙi. Alan Ruck, wanda ya kusa shekara 30 a lokacin, ya ba yaron wata rawar murya da ta fi duk wayon Matthew Broderick tsayawa a rai.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne kan farashin fashin lakwal. Sau 9 Ferris ya yi fashi, ko ƙwarzane bai samu ba, domin gatansa ya riga ya share masa hanya. Ɗalibin da ya ɓace daga aji a karkarar Maraɗi yana gona lokacin girbin hatsi, ko ya bi motar cin rani. Ɗalibar kuwa sau da yawa ɗakin miji ta tafi. Ƙungiyar da za ta nuna fim ɗin ga matasa tana bukatar ta ajiye wannan bambanci a gabansu kafin a kashe fitila.

Nijar ma tana da nata kallon gidan zamani. A 1972 Mustafa Alasan ya yi FVVA, wato mace, mota, gida da kuɗi, inda ƙaramin ma'aikaci Ali ya bi sha'awar waɗannan huɗu har ya taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a kurkuku. Ali yana waje yana hangen gidan, Cameron yana ciki yana neman hanyar numfashi. Finafinan Kano na bidiyo, da suka cika kasuwanninmu tun ƙarshen shekarun 1990, sun fi karkata ga idon Ali: kyamara tana lasar kujeru da labule da matakala, ba ta cika tambayar yadda mazauna gidan ke kwana ba.

Shi kansa gidan Rose bai yi farin jini a kasuwa ba. An sa shi sayarwa a 2009 kan dala miliyan 2.3, ya shekara biyar ba mai saye, har aka yi fargabar rushe shi. A 2014 aka sayar da shi kan abin da bai kai rabin wannan kuɗi ba.