Kabari Kabari Ne

Mai karatu, ka san masallacin Agadas. An gina shi da laka wajen shekara ta 1515, aka sake gina shi a 1844. Hasumiyarsa ta kai mita 27. Har yau mutanen gari suna yi mata yaɓe. Madalla da su.

To, ka ji labarin Bura, a ƙasar Tera? A 1975 aka gano wata tsohuwar makabarta can. Masu ita ba Musulmi ba ne. Sukan kifa tulunan yumɓu bisa kushewa, wasu da siffar kan mutum. A 1983 malam Bube Gado ya yi bincike a wurin. Da labari ya kai Turai, sai mutane suka faɗa wa irin waɗannan makabartu da haƙa, suna sayar wa dillalai da tulunan.

Mai saye yana da laifi, amma hannunmu ne ya riƙe diga. Kai ka yarda a tone kakanka don kuɗi? Wanda ke kwance a Bura, shi ma ƴan'uwa suka yi kukansa. In ka ga ana haƙa, ka gaya wa maigari.