Sarraounia ta Abdoulaye Mamani: ƙasa a cikin littafi, ƙasa a kasuwa

Littafin Sarraounia, wanda Abdoulaye Mamani ya buga da Faransanci a Paris a 1980, an saba karanta shi a matsayin labarin abin da ya faru a Lugu, cikin karkarar Ɗan Kassari, a watan Afirilu na 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa garin. Mu a ganinmu shekarar da ta fi damun marubucin ita ce 1958. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne, wadda ta kira jama'a su ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Ya yi gudun hijira har Aljeriya, ya dawo bayan faɗuwar Diori Hamani, ya kuma sha ɗauri a zamanin Kountché. Wanda ya rasa ƙasa ta hanyar ƙuri'a, shi ne ya koma ya gina ta da alƙalami.

Ginin kuwa yana da dabara. A Arewa, Sarauniya sarauta ce da ake gado, kuma ikonta na addinin gargajiya ne da na ƙasar noma; mulkin takobi da haraji yana hannun Sarkin Arewa a Matankari. Wanda ya karanta Histoire Mawri na Marc-Henri Piault (1970) ya san yadda Gubawa da Arawa suka raba iko tsakaninsu. Mamani ya tattara ikon biyu ya ɗora wa mace guda, ya ba ta mayaƙa da fada, sannan ya sa ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya ƙi bauta, ko wane harshe yake yi, ko me yake bauta wa. Wannan shugabar ƙasa ce irin ta ƙarni na 20 sanye da kayan Lugu. Ba ma ɗaukar haka a matsayin aibi, don marubucin ƙagaggen labari bai yi wa kowa alkawarin tarihi ba. Abin lura dai shi ne irin ƙasar da yake zanawa: ƙasa ce da ƙin baƙon mai mulki ya haɗa kanta.

Wasu al'ummu sun bi wannan hanya kafin mu, kuma misalin mutanen Cek, a tsakiyar Turai, yana da amfani a nan. Su ma suna da tasu sarauniya mai duba, Libuše, wadda Smetana ya yi wa wasan waƙa da aka buɗe gidan wasan ƙasa na birnin Prag da shi a 1881, suna ƙarƙashin daular Ostiriya-Hangari. Sai dai masanansu ba su tsaya ga tatsuniya ba. A 1848 masanin tarihi Palacký yana ganin ƙananan al'ummu sun fi tsira a cikin daular idan aka gyara ta ta zama tarayya. Masaryk ma sai da yaƙin 1914 ya ɓarke ya fid da rai da gyaran. Da aka kafa Cekoslobakiya a 28 ga Oktoba 1918, ba a yi wata biyar ba ministan kuɗi Alois Rašín ya rufe iyakoki, ya sa aka buga hatimi a kan takardun kuɗin daular da ke cikin ƙasar, ya raba kuɗinsu da na Biyana. Ƙasarsu ba ta da teku, kamar tamu, don haka suka nemi a ba su wurin sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Hamburg, suka kuma samu. (Kada kwatancin ya ruɗe mu: su sun gaji babban kaso na masana'antun daular, mu gujiya da dabbobi muka gada.)

To, wannan rabin tunanin ne ba mu samu a littafin Mamani ba, kuma abin mamaki ne, tun da shi ne ainihin gardamar 1958. Masu "i" suna cewa Nijar ba za ta iya biyan ma'aikatanta ba in Faransa ta janye. Djibo Bakary da mutanensa, waɗanda da yawansu ƴan kasuwa ne da direbobi da ƙananan ma'aikata, suna duban kudu, wajen Najeriya da Gana. Ai jirgin ƙasa ya isa Kano tun kafin yaƙin 1914, kuma ta nan gujiyar Maraɗi da Damagaram ta saba fita. Tsarin da aka kira Opération Hirondelle a shekarun 1950 an ƙirƙiro shi ne don a karkatar da kayan zuwa Paraku da Kwatano, su zauna cikin yankin kuɗin Faransa. Manyan motocin da ke wannan jigila ta hanyar Konni zuwa Dogon Dutsi suke bi, wato ta ƙasar Ɗan Kassari. An samu ƴanci a 3 ga Agusta 1960, kuɗin sefa kuwa bai motsa ba.

Za a iya ce mana labarin 1899 ba wurin maganar kuɗi da tashar jirgi ba ne. Mun yarda da rabin wannan. Amma ko a 1899 akwai tattalin arziki a fagen: rundunar ta rayu ne da kwasar hatsi da shanu da kama masu dako, kuma yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898, wadda ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, ta yanka hanyoyin fatake da iyaka. Mamani ya nuna ɓarnar rundunar da ƙarfin gaske. Da ya zo kan jama'ar da ta taru wurin Sarauniya, sai ya bar mu ba mu san gonar wa za su noma ba, wa zai raba rumbu, wace kasuwa za su ci. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya gaji wannan shirun, ya ƙara masa kiɗa.

Ɗalibanmu da ke rubutu a kan littafin yawanci suna auna shi da abin da tsofaffin Lugu da Bagaji ke faɗa. Muna ba su shawara su ajiye shi kuma kusa da muhawarar majalisar Yamai ta 1957 da 1958, majalisar da Mamani kansa ya zauna a cikinta.