Sarautar Katsina a Cikin Wasan Kwamfuta

Cikin wasannin dabarun mulki da ake bugawa ta intanet, Europa Universalis IV ya cancanci Bakatsine ya tsaya a kansa. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2013, kuma a taswirarsa akwai Katsina da Kano da Zazzau a matsayin ƙasashen da mai wasa zai iya ɗauka ya mulka, daga 1444 har 1821. Wannan kaɗai abin yabo ne, domin wasanni da yawa sukan bar ƙasar Hausa fayau kamar ba a taɓa yin mutane a cikinta ba.

Matsalar tana wajen yadda irin waɗannan wasanni suka fahimci gwamnati. A wannan wasa an kasa mulki zuwa manyan rukunai: na sarakuna, na jamhuriya, na malaman addini, na ƙabila. Kowane yana da ribarsa da aka ƙididdige. Sarki kansa lambobi uku ne, na gudanarwa da na diflomasiyya da na yaƙi, kowace daga 0 zuwa 6. Wasan NationStates kuwa, wanda Max Barry ya buɗe a 2002, ya bi wata hanya: yana auna 'yancin jama'a da tattalin arziki da 'yancin siyasa, sannan ya liƙa wa ƙasarka suna. Duk tafiyar ɗaya ce. Gwamnati kaya ce a kan kanta, ka duba wadda ta fi riba ka ɗauka.

Tarihin Katsina bai yarda da haka ba. Abin da Yusufu Bala Usman ya bi diddiginsa a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 shi ne cewa sarauta ba mutum ɗaya ba ce, tsari ne na masu riƙe da ƙasa da garuruwa da sana'o'i da dakaru, kowa da iyakarsa. A zamanin Haɓe akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, waɗanda sai da su ake naɗa sarki, kuma sarkin da ya raina su yana wasa da rawaninsa ne. Durɓi ma a wancan zamani daga zuriyar waɗanda Sarki Korau ya karɓe mulki a hannunsu yake, kamar yadda labarin kokawar Korau da sarkinsu Sanau ya nuna. Wato gidan da aka kayar ba a share shi ba, an ba shi wuri a majalisa. Wace lamba ce za ta ɗauki wannan?

Sai kuma 1807. Jihadi ya ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki, kuma a harshen wasa sai a ce an sauya daga mulkin sarakuna zuwa na malamai, magana ta ƙare. Amma fa fadar tana nan, yawancin sarautun suna nan, ganuwa da ƙofofinta suna nan. Abin da ya sauya shi ne inda halasci ke fitowa: yanzu sai Sakkwato ta amince. Su kuwa Haɓen da suka fice, suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, ba su ajiye sunan Sarkin Katsina ba, har yau da shi ake kiran mai sarautar can. Gida biyu, suna ɗaya, aka shafe shekaru ana gwabzawa.

Turawa ma da suka zo ba su taɓa sunan tsarin ba. Sun tuɓe Sarki Abubakar, sun tuɓe Sarki Yero, a 1906 suka ɗora Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda a lokacin shi ne Durɓi, ya yi mulki har 1944. A takarda masarauta ce jiya, masarauta ce yau, alhali mai naɗi da tuɓewa ya koma Razdan da Gwamna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarki da ikon En'e, kuma tun da aka ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, sandar girma daga hannun gwamnanta take fitowa.

A nan ne nake ganin wasannin suka fi kuskure, kuma kuskure ne da ba za su iya gyarawa ba. Mai wasa ba ya mutuwa, ba a tuɓe shi. Sarakuna su zo su wuce, a yi zaɓe, a yi tawaye, shi yana zaune bisa kujerarsa yana latsawa shekara ɗari huɗu ba kaɗan. Ko ya zaɓi jamhuriya, shi ke nuna wanda zai ci zaɓen. Wasan kalankuwa na ƙauyukanmu, inda samari kan naɗa wa junansu sarki da alƙali da gwamna bayan kaka, ya fi kusa da gaskiya ta wannan fuska, domin sarkin kalankuwa sai 'yan'uwansa sun yarda yake hawa, kuma in suka watse suka bar shi, wasa ya tashi.