Jita a Garin Kuntigi: Tsokaci a kan Bongos Ikwue da Ƙungiyar Groovies

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a unguwar Ali Kazaure ta cikin garin Jos a farkon shekarun 1980 ba zai kasa tuna wasu sautuka guda biyu ba. Na farko shi ne kuntigin Alhaji Adamu Ɗanmaraya, wanda ke tashi daga rediyon masu shayi da teloli. Na biyu kuwa wata jita ce mai sanyin sauti, wadda ke buɗe wasan talabijin ɗin nan mai suna Cock Crow at Dawn, wato carar zakara da asuba. Da an ji ta, sai yara su bazama gidan da ke da akwatin talabijin. Sautin farko ya sami gata a wurin manazartanmu, an yi kundaye a kansa. Na biyu kuwa mun saurare shi, mun ji daɗinsa, amma ba mu taɓa ɗora shi a faifan nazari ba. A wannan ɗan tsokaci za mu dubi asalin ƙungiyar da ta yi wannan kiɗa da tsarinta, sannan mu auna waƙar da irin ma'aunin da muke auna waƙoƙinmu na baka.

Asalin Ƙungiyar

An haifi Bongos Ikwue a shekarar 1942 a Otukpo, ƙasar Idoma, cikin Jihar Binuwai ta yanzu. Yana ɗalibin sakandare a Okene ya haɗa ƙungiyar makaɗa mai suna Cubana Boys. Da ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai ya kafa wata mai suna Unibello Brothers, sunan da aka yanko daga na jami'ar. Bayan waɗannan ne aka sami Groovies, wadda ya yi faya-fayai da ita a kamfanin EMI cikin shekarun 1970, ciki har da Still Searching na 1978.

Abin lura a nan shi ne, Otukpo da Okene da Zariya duk suna cikin tsohuwar Jihar Arewa ne, a lardunan Binuwai da Kabba da Zazzau. Haka kuma daga 1967 zuwa 1976 Jos ce hedikwatar Jihar Binuwai-Filato, wadda Otukpo ke cikinta. Ashe ke nan muryar da muke ji a Ali Kazaure ta ɗan gida ce.

Inda asalin nan ya saɓa wa abin da muka saba da shi shi ne ta fuskar gado. Makaɗin Hausa yakan gaji kiɗa a gidansu, ko ya yi barantaka a wurin wani makaɗi har ya ƙware. Su kuwa waɗannan samari makarantar boko ce ta haɗa su, kowa da ƙabilarsa da harshensa, malamansu kuma su ne rediyo da garmaho.

Salon Kiɗan

Kiɗan da ake kira kantiri ya tashi ne a karkarar kudancin Amurka. Kayansa su ne jita da goge irin na Turawa da banjo, wanda shi kansa jikan molaye ne da bayin Afirka ta Yamma suka ƙetara da iliminsu. A ƙarshen shekarun 1960 wasu ƙungiyoyi a Kalifoniya, kamar Byrds da kuma Eagles daga baya, suka gauraya shi da ganguna da jitar lantarki ta kiɗan rok. A Nijeriya kuwa muryar Jim Reeves, wanda ya rasu a 1964, da ta Don Williams su suka fi shiga gidaje. Garin Jos, da haƙar kuza ta tara wa Turawa da 'yan mishan da ma'aikata daga kowace kusurwa, ya zama kasuwar irin waɗannan faya-fayai.

Bongos ya ɗauki taushin murya da ba da labari cikin natsuwa daga wannan salo, ya haɗa da kiɗan hailaif da na Idoma. Wasu waƙoƙinsa da Ingilishi ne, wasu da harshen Idoma. Saboda haka wanda ya kira shi mai kwaikwayon Amurkawa kawai bai yi masa adalci ba. Aro ya yi, ya kuma sarrafa abin da ya aro, kamar yadda marubuta waƙoƙinmu suka aro karin Larabci suka zuba masa Hausa.

Jagora da Yaransa

Idan muka dubi tsarin Groovies za mu ga bai yi nisa da na ƙungiyar makaɗan Hausa ba. Akwai jagora mai tsara waƙa da rera ta. Akwai mai jita da ke ƙawata kari, da mai babbar jita mai kaurin sauti da ke riƙe gindin kiɗa, da mai ganguna, da masu karɓi. A ƙungiyar Alhaji Mamman Shata ma akwai jagora da makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira. A duka biyun sunan jagora ne ke gaba. Faya-fayan ma sunan Bongos suke fara kawowa, sa'annan a dunƙule sauran mutane a kalma guda.

A nan al'adarmu ta ɗan fi tausayin yara. Makaɗin Hausa yakan ambaci yaransa a cikin waƙa, yakan kuma naɗa musu muƙami irin na Daudun Kiɗi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya sami laƙabinsa ne daga wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya. Duk da haka mu manazarta mun bi sawun kamfanonin faifai. Mukan rubuta tarihin jagora tun daga haihuwa har rasuwa, mu bar wanda ya shekara ashirin yana riƙe masa kalangu ba ko layi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sautin da ke sa yaran Ali Kazaure gudu zuwa gaban talabijin ba na mutum ɗaya ba ne.

Turken Waƙar

An fara nuna Cock Crow at Dawn a 1980. Hukumar talabijin ta NTA ce ta shirya shi a Jos a ƙarƙashin Peter Igho, da tallafin bankin UBA, domin mara wa shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari baya. Labarin Bello ne, wanda ya kwashi iyalinsa daga birni ya koma ƙauye noma. Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus, Kasimu Yero kuma a matsayin Gaga.

Idan muka yi amfani da kalmar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, turken waƙar shi ne begen gida da neman mafita. Ƙarfinta yana cikin cewa an gina ta a kan tambaya: shin matafiyin nan zai kai inda ya nufa? Hukuma alkawari take so a yi wa jama'a, mawaƙin kuwa ya bar zancen a buɗe. Da shirin noman ya shuɗe tare da gwamnatin a ƙarshen 1983, sai waƙar ta tsira, domin ba ta ɗauki alkawarin da za a kama ta da shi ba.

Rauninta kuma a fili yake. Waƙa ce ta kiran mutane gona, amma da Ingilishi, alhali manoman Filato, Birom ne ko Angas ko Bahaushe, da Hausa suke ciniki a kasuwa. Ƙauyen da ke cikinta na ɗan birni ne mai kewa, akwai asuba da kukan tsuntsaye, babu bashin taki. Idan muka ajiye ta kusa da Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya, za mu ga mai kuntigi yana tsaye a cikin tasha tare da wanda yake wa waƙa, mai jita kuwa daga nesa yake hangen manomi. Ta fuskar daɗin kari Bongos ya yi zarra, ta fuskar sanin talaka kuwa Ɗanmaraya ne a gaba.

Kammalawa

Rikicin Satumba 2001 da na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 sun raba unguwannin Jos ta fuskar addini, har yaro ya tashi a Ali Kazaure bai taɓa zama a tabarma ɗaya da ɗan wata unguwar ba. Ɗanmaraya ya rasu a 2015, Kasimu Yero a 2017, Sadiq Daba a 2021. Waɗanda suka san garin da jita da kuntigi suka zauna lafiya a kunne ɗaya suna ta raguwa. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri da su nemi tsofaffin makaɗan otal-otal da kulob-kulob na Jos, da 'yan amshin makaɗanmu na gargajiya, su ɗauki bayaninsu a rubuta sunayensu tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.