Theodore Frelinghuysen: Inda Adalcinsa Ya Kai da Inda Ya Tsaya

Cikin mutanen da masu bi na Amurka suke kafa misali da su in ana zancen Kirista da mulki, akwai Theodore Frelinghuysen. An haife shi a jihar New Jersey a 1787, ya rasu a 1862. Lauya ne. Ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnatin jiharsa daga 1817 zuwa 1829, ya wakilce ta a majalisar dattawan ƙasa daga 1829 zuwa 1835, daga baya ya zama magajin garin Newark. A 1844 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Henry Clay, amma ba su ci ba. Ya shugabanci ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Amurka shekara 16, har mutuwarsa. Mutanen zamaninsa sun yi masa laƙabi da Kiristan ɗan siyasa, laƙabin kuwa yana bukatar a auna shi da ayyukansa.

Babban abin da ake tunawa da shi ya faru a 1830. Shugaba Andrew Jackson ya nemi doka da za ta kau da kabilun asalin ƙasar daga gonakinsu zuwa hayin Kogin Mississippi. Cikinsu akwai Cherokee na jihar Jojiya, waɗanda suke da rubutunsu da jaridarsu da makarantun mishan da ikkilisiyoyi. An sami zinariya a ƙasarsu, Turawa kuma suka sa mata ido. Frelinghuysen ya miƙe a majalisa ya yi jawabi na kimanin awa shida cikin kwana uku. Ya tuna wa 'yan majalisa yarjejeniyoyin da gwamnati ta sa wa hannu, ya nuna cewa ƙasar tasu ce tun kafin Bature ya taka ta, ya kuma ƙi yarda launin fata ya sāke ma'aunin shari'a. An kayar da shi da ƙuri'a 28 ga 19. A 1838 sojoji suka kori Cherokee, kimanin 4,000 suka mutu saboda wannan ƙaura. Duk mai karanta labarin zai tuna da Ahab da gonar inabin Nabot. A ranar nan Frelinghuysen ya tsaya inda Iliya ya tsaya, yabo kuwa ya cancance shi.

Amma akwai waɗansu da ake zalunta kusa da ƙofar gidansa. Ƙidayar 1830 ta nuna bayi fiye da 2,000 a New Jersey kaɗai. Frelinghuysen ya yarda bauta mugunta ce, sai dai maganin da ya zaɓa shi ne na ƙungiyar da aka kafa a 1816 domin kwashe 'yantattun baƙar fata zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma, wurin da ya zama Laberiya. Yana cikin shugabanninta. Tun a 1817 'yantattun baƙar fata suka taru a wata majami'a a Philadelphia suka ƙi wannan shiri, domin a Amurka aka haife su, guminsu da na iyayensu ne ya gina ta. Mutumin da ya ce kada a raba Cherokee da ƙasar haihuwarsu, shi ne ya ga ya dace baƙar fata su bar tasu. Masu kāre shi sukan ce tafiya Laberiya ba tilas ba ce, kuma yana fata bishara ta shiga Afirka ta wannan hanya. Gaskiya ne, amma wanda aka hana masa makaranta da ƙuri'a a garinsu, sa'an nan aka nuna masa jirgin ruwa, ba a bar masa zaɓi mai yawa ba.

Abu mafi nauyi ya faru cikin aikin bishara kansa. Daga 1841 zuwa 1857 shi ne shugaban babbar hukumar mishan ta Amurka mai aika masu bishara ƙasashen waje. A taronta na 1845 a Brooklyn, waɗansu suka roƙa a daina karɓar masu bayi cikin ikkilisiyoyin mishan na Cherokee da Choctaw. Hukumar ta ƙi, ta bar maganar a hannun masu bishara na can. Shekara guda bayan haka, masu ƙin bauta suka kafa tasu ƙungiyar mishan dabam.

Ba munafuki ba ne, ba a kuma san shi da cin amanar muƙami ba. Laifinsa irin na mutanen kirki ne: ya tsauta wa zunubin abokan hamayyarsa da ƙarfin hali, amma da zunubin ya shafi jiharsa da abokan siyasarsa da masu ba mishan kuɗi, sai ya sassauta murya. Kirista da ya sami kujera a majalisa ko ofishin gwamnati ya koyi ƙarfin halinsa na 1830. Ya kuma tambayi kansa, wane ne ake zalunta kusa da shi wanda faɗin gaskiya a kansa zai jawo masa hasara, gama a nan ne za a gwada shi.