Waƙar Sangaya: Me Ya Sa Ba Ta Tsufa?



Kwanan baya, a wani gidan biki nan Bande, wani yaro ya kunna waƙar Sangaya cikin salularsa. Nan take mata suka bar daka suka kama amshi. Har tsofaffi suna kaɗa kai. Yaron nan kuwa waƙar ta girme shi. To, mene ne sirrinta?

Sangaya fim ne da kamfanin Sarauniya ya yi a Kano a 1999. Ali Nuhu ya fito ɗan sarki, Fati Muhammad ta fito yarinya mai aiki a gidan sarauta. A lokacin fim ɗin Hausa bai daɗe ba, don Turmin Danya, na farko a kaset ɗin bidiyo, a 1990 ya fito. Kaset ɗin Sangaya ya ƙetaro iyaka, ya biyo ta Magarya, ya kai har Damagaram. Yau da yawa sun manta labarin, amma waƙar tana baki.

A ganina dalili biyu ne. Na farko, namiji ya yi baiti, mace ta mayar masa. Wannan salon daga finafinan Indiya aka aro shi. Amma kunnenmu ya saba da bayarwa da amshi tun a dandali, wajen gaɗar ƴan mata. Na biyu, kiɗan da fiyano aka yi shi, amma an sa na'urar ta kwaikwayi ganga da sarewa. Saboda haka baƙuwa ce, sai dai ta shigo da zanen gida. Kalmominta ba wuya, ko wanda bai taɓa zuwa lakwal ba ji biyu ya ishe shi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Da masu fim suka ga Sangaya ta yi kasuwa, sai kowa ya cusa waƙa da rawa cikin fim ɗinsa, ko da labarin bai nema ba. Waƙa ta zama tuwo, labari ya koma miya. Kuma fiyano ɗaya ya tsare aikin makaɗa da yawa. Yanzu a biki sai a ɗauko lasifika, mai kalangu yana zaune gida. Ƴan mata kuma sun rage fita gaɗa.

Ba laifin Sangaya ba ne. Ita ta daɗe don an adana ta, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa salula. Waƙoƙin kakanninmu fa, wa ya adana su? Tsohuwa ta rasu, ta tafi da nata.

Ga shawara. Tunda Allah ya sa mun iya rubutu, kowa ya je wurin gyatumarsa ko innarsa. Ta rera masa waƙar gaɗa ko ta daka guda ɗaya, ya rubuta cikin littafinsa, ya kawo aji mu karanta tare.

Allah ya ba mu sa'a, amin.